Roland FP-30X a hannun mai koyo: abin da na gani ina koyar da fiyano

Duk iyayen da suka kawo mini yaro koyon fiyano, kafin a yi nisa sai sun jefo tambayar nan: wanne za mu saya masa ya riƙa gwaji a gida? Manya masu koyo ma haka, sai dai su sukan zo da hoton wani kibod a waya, mai fitilu da maɓallai birjik, su ce in duba. Amsata ta jima ba ta sauya ba. In ɗaki ko hali bai ba da damar ajiye fiyanon katako ba, fiyanon lantarki na Roland FP-30X nake nuna wa mutum, kuma dalili guda ne ya rinjayi sauran a wurina: yadda madannansa ke amsa yatsa. Ina da shi a ɗakin da nake koyarwa, gefen wani fiyanon katako na tsaye. Ɗalibai kan tashi daga wannan su koma wancan a darasi ɗaya, don haka abin da zan faɗa daga kallon hannayensu na samo shi, da kuma abin da nawa hannun ke ji.

Kamfanin Roland na Japan, wanda Ikutaro Kakehashi ya kafa a Osaka a 1972, shi ya fito da FP-30X a 2021 domin ya gaji FP-30 na 2016. Madannai 88 gare shi cif, farare 52 da baƙaƙe 36, girmansu daidai da na fiyanon katako. Tsawonsa mita 1.3, nauyinsa kilo 14.8. Akwai baƙi, akwai fari. Mutum ɗaya zai iya ɗaukarsa daga ɗaki zuwa ɗaki, amma ba abin saɓawa a kafaɗa a yi ta yawo da shi ba ne.

Sai an san abin da ke faruwa a cikin fiyanon katako kafin a gane abin da ake saye a nan. Idan ka danna madanni, yatsanka bai taɓa tsirkiya ba. Madannin doguwar sanda ce da ta shige can ciki. Ka danna wannan baki, wancan bakin ya ɗaga, ya cilla wata 'yar guduma mai kan ulu ta je ta bugi tsirkiya ta dawo. Gab da bugun, gudumar kan kuɓuce wa abin da ya turo ta, ta ƙarasa tafiyar ita kaɗai, kuma daga nan mai kiɗa ba shi da sauran iko a kanta. Ke nan duk abin da kake son sautin ya faɗa, da ƙarfi ko da taushi, a kausashe ko a sanyaye, yana cikin saurin da ka ba gudumar a 'yar tafiyar nan ta kusan santimita ɗaya da madanni ke yi zuwa ƙasa. Dabarar ta Bartolomeo Cristofori ce, maƙerin kayan kiɗa na gidan sarautar Medici a birnin Florence na Italiya, wajen shekarar 1700. Kafin shi, a hafsikod, kayan kiɗa mai madannai da ya riga fiyano, wani ɗan tsinke ne ke fizgar tsirkiya, ko ka danna a hankali ko ka buga, sautin kusan ɗaya yake fita. Uku daga cikin fiyanon da ya ƙera da hannunsa suna nan har yau, a New York da Roma da Leipzig.

Kibod mara nauyi ba shi da guduma. Sifirin ne a ƙarƙashin madanni, kuma halin sifirin shi ne ya ƙara turjiya yayin da kake ƙara dannawa. Guduma kuwa a farkon tafiya take da nauyi, in ta motsa sai ta tafi da kanta. Hannun da ya saba da ɗaya, in ya zo kan ɗayan sai ya rikice. Na sha ganin haka, amma wata yarinya 'yar shekara tara ce ta fi tsaya mini a rai. Kunnenta garau, karatun takardar kiɗa ba ya ba ta wuya, darasin da na ba ta kuma tana haddace shi tsaf. Amma da ta zauna gaban fiyanon katako, gaɓar ƙarshe ta yatsunta sai ta lanƙwashe ciki, ƙaramin yatsa ya miƙe sama, wuyan hannu ya faɗi ƙasa da madannai. In na ce ta kaɗa a hankali, rabin sautukan ba sa fita sam. In na ce ta ƙara ƙarfi, sai ta kawo kafaɗa gaba ɗaya ta buga. Tsakanin waɗannan biyun babu komai.

Da na yi wa mahaifinta magana sai ya ce, "Malam, ai na gida muryoyinsa sun fi ɗari uku, har ganga yana yi." Na ce, "Ranka ya daɗe, murya ɗaya take bukata, amma a ƙarƙashin yatsa mai nauyi." Na zaunar da shi ya danna madanni ɗaya a kan FP-30X, a hankali, ya sake dannawa da ɗan ƙarfi, ya sake. Bai taɓa koyon kiɗa ba, amma ya ji bambancin a yatsansa, ya yi shiru yana maimaitawa. Bayan sun sauya mata, watanni kaɗan yatsun suka fara tsayuwa a kan gaɓoɓinsu ba tare da na yi ta nanatawa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a koyon fiyano abin da yaro ke dannawa kullum a gida ya fi malamin da yake gani sau ɗaya a mako tanƙwara masa hannu.

Mutane sukan ɗauka ƙarancin madannai ne aibin ƙaramin kibod. A ganina wannan shi ne ƙaramin aibinsa. Fiyanon zamanin Mozart, shahararren marubucin kiɗa na ƙarni na 18, oktaf biyar ne (oktaf shi ne zangon madannai 12 daga sauti zuwa takwaransa na sama), madannai 61, kuma an rubuta kiɗa mai zurfi a kansa. Sai a ƙarshen shekarun 1880 aka tsaya a kan 88. Mai koyo zai yi shekara ɗaya ko biyu bai leƙa ƙarshen hagu ko na dama ba. Nauyin kuwa tun ranar farko yake aiki a kansa.

Tsarin madannan FP-30X shi Roland ke kira PHA-4 Standard. Kowane madanni yana ɗaga 'yar guduma mai nauyi a ciki, duk da babu tsirkiyar da za ta buga. Na hagu, inda sauti ke da kauri, sun fi nauyi, ana tafiya dama suna sassautawa, yadda gudumomin fiyanon katako suke raguwa daga manya zuwa ƙanana. Idan ka danna a hankali ƙwarai, wajen ƙarshen tafiya za ka ji ɗan tsaiko, kamar sakatar ƙofa da ta ɗan cije kafin ta zame. Kwaikwayo ne na kuɓucewar gudumar da na faɗa a sama. A cikin kiɗa mai sauri ba a jin sa, amma ina amfani da shi wajen koya wa ɗalibi taushi: nakan ce ya sauka har wurin tsaikon, ya tsaya, sannan ya ƙarasa. Da haka yake gane cewa sauti mai taushi yana son yatsa ya kai har ƙasa, ba a shafa madanni a sama a janye ba.

Akwai kuma na'urorin auna motsi guda uku a ƙarƙashin kowane madanni. Fiyanon lantarki yana gane ƙarfin bugu ne ta hanyar auna lokacin da madanni ya ɗauka daga na'ura ɗaya zuwa ta gaba. In biyu ne kacal, sai madanni ya taso sosai kafin a iya sake buga shi. Ta ukun na ba da damar maimaita sauti ɗaya tun madannin bai gama tasowa ba, abin da maƙerin fiyano na Faransa Sébastien Érard ya samar wa babban fiyano na kwance a 1821. Mai fara koyo ba zai lura da wannan ba. Ranar da ya kai ga kaɗa sauti biyu maƙwabta da sauri, ko maimaita sauti ɗaya da yatsu uku bi da bi, zai gode. Saman fararen madannan kuma ba santsin roba ba ne, yana da ɗan kaushi irin na hauren giwa, kuma ga mai gumin hannu wannan taimako ne na gaske.

Gaskiya madannan suna da nauyi, har sun fi na wasu fiyanon katako da aka gyara da kyau jin nauyi a hannuna, kuma tasowarsu ba ta kai ta babban fiyano sauri ba. Yaro ɗan shekara biyar ko shida yakan gaji da wuri a makonnin farko. Ban ɗauki wannan aibi ba muddin ana gajarta zaman gwaji, minti goma da safe, minti goma da yamma, ana kuma kallon kafaɗa kada ta ɗaga. Na fi son ɗalibi ya tashi daga mai nauyi ya koma mai sauƙi, don akasin haka shi ke karya gwiwa ranar jarrabawa ko ranar wasa gaban jama'a. Ana iya sauya yadda sauti ke amsa bugu, matakai biyar daga sassauƙa zuwa mai nauyi, amma a sani wannan bai rage nauyin madannin kansa ba ko kaɗan, sautin kawai yake sa ya fito da wuri. Ni a tsakiya nake barin sa, kuma haka nake roƙon iyaye su bari. Babban mutum mai ciwon gaɓoɓin yatsu kuwa, ya zauna ya gwada na tsawon lokaci kafin ya yanke shawara.

Sautin fiyanonsa Roland na kiran sa SuperNATURAL. An naɗi sautin fiyanon gaske, sannan lissafin kwamfuta na cike giɓin da ke tsakanin bugu mai taushi da mai ƙarfi. Amfanin wannan a kunne yake: in ka ɗauki sauti ɗaya kana ƙara masa ƙarfi kaɗan-kaɗan, ba ka jin inda ya yi tsalle daga wannan naɗi zuwa wancan. Launinsa ma yana sauyawa, a taushi yana da duhu da zagaye, a ƙarfi yana buɗewa ya yi kaifi. Wannan nake bukata in zan koya wa ɗalibi ya sa hannun dama ya yi waƙa, na hagu ya raka shi a ƙasa-ƙasa, wanda shi ne darasi mafi wuya a shekaru biyun farko. Ɓangaren hagu cike yake, yana da jiki. Tsakiya yana da ɗan amon ƙarfe in an buga da ƙarfi, wasu na so, wasu ba sa so. Ni ina son sa a kiɗan jaz da waƙoƙin zamani, a kiɗan gargajiyar Turai mai sanyi kuwa nakan koma ɗaya daga cikin muryoyin fiyanon da suka fi laushi.

Wani abu da ke tayar wa sababbin masu saye hankali: madannan ƙarshen dama, wajen oktaf ɗaya da rabi, sautinsu na ci gaba da ringi ko an ɗaga yatsa. Ba lalacewa ba ce. A fiyanon katako waɗannan tsirkiyoyin gajeru ne, sautinsu na mutuwa da kansa da wuri, shi ya sa ba a sa musu ƙyallen da ke danne tsirkiya ba. An kwaikwayi hakan ne da gangan.

Muryoyi 56 ne a ciki, 12 na fiyano, 20 na fiyanon lantarki irin na shekarun 1970 da ogan da makamantansu, saura goge da sauransu. Yana iya riƙe sautuka 256 a lokaci guda, ninkin na FP-30, kuma ban taɓa jin ya yanke sauti ba ko da an danne feda, abin takawa da ƙafa mai riƙe sauti, an bi madannai daga ƙasa har sama. Iyakar abin da mai koyo ke bukatar sani ke nan game da wannan lamba.

Sifikunsa biyu ne, kowace wat 11, faɗin santimita 12, kuma ƙasa suke kallo. Ƙarfinsu ya ishi falo, har da ƙaramin taro. Sai dai tunda sautin ƙasa yake bugawa ya taso, wanda ke zaune nesa kaɗan yakan ji shi fiye da mai kiɗan garau, kuma abin da ke ƙarƙashinsa na sauya shi: daɓe ko tayil na mayar da sauti, kafet mai kauri na shanye shi. In a kan tebur aka ɗora shi, akwai saitin da aka tanada don haka, a kunna shi, in ba haka ba sautin hagu zai yi ta gunji. Da hedifon mai kyau kuwa sai ka ji kamar wani fiyanon ne daban, kowane sauti a wurinsa. Ramukan hedifon biyu ne a gaba, babba da ƙarami, malami da ɗalibi ko uwa da ɗa na iya ji tare cikin dare.

A nan akwai gargaɗin da nake yi wa kowa, kuma ya shafi duk fiyanon lantarki. Kada a rage ƙara sosai lokacin gwaji. Yaron da ke gwaji da ƙarar da aka murƙushe don kada a dami mutanen gida, hannunsa zai koyi duka don ya ji kansa, ranar da ya zauna gaban fiyanon katako sai ya cika ɗaki da hayaniya. A sa ƙarar ta kai kusan yadda fiyanon gaske ke yi a ɗaki, a bar yatsa ya nemo taushin da kansa. In lokacin bai dace da ƙara ba, a sa hedifon a matsakaicin ƙarfi. A kuma tuna madanni mai guduma yana da ɗan dum-dum nasa da ke bin ƙafar mazauni ya shiga daɓe. Mai zama a bene ya shimfiɗa wani abu mai kauri a ƙarƙashi saboda na ƙasa.

Abin da na fi amfani da shi a darasi bayan madannan shi ne raba shi biyu, wanda suke kira Twin Piano. Madannai 88 sai su zama ƙananan fiyano biyu masu sauti iri ɗaya, ni a hagu, ɗalibi a dama. Na kaɗa jimla, ya maimaita a daidai muryar da na yi, ba a sama ko ƙasa ba. Ga yaran da ba su fara karatun takarda ba, wannan hanya ta fi kowace saurin gyara musu kunne da bugun lokaci. Yana da metronom a ciki, wato na'urar da ke ƙirga bugun lokaci. Yana kuma naɗar abin da aka kaɗa, kuma ina tilasta wa manyan ɗalibaina su naɗi kansu su saurara, domin mai kiɗa yakan ji abin da ya yi niyya ne, ba abin da ya fito ba. Da yawa sai a nan suke yarda cewa suna gudu a wurin da ke da sauƙi, suna jan ƙafa a wurin da ke da wuya.

Ba shi da allo. Maɓallai kaɗan ne a gefen hagu, har ƙara ma da maɓalli biyu ake hawa da sauka, fitilu na nuna inda aka kai. Sauran saituna, irin su ɗaga ko sauke murya gaba ɗaya, ko gyara sautin ya dace da wani kayan kiɗa, sai ka danne maɓalli ɗaya sannan ka taɓa wani madanni da aka ware wa aikin. Babu mai riƙe wannan duka a ka. A buga shafin littafin bayani da ke nuna su a ajiye kusa, ko a haɗa shi da manhajar Roland Piano App a waya, inda komai ke bayyane a rubuce. Ga mai wasa a dandali da ke son sauya murya cikin ƙiftawar ido, wannan tsari zai takura shi. Ga yaro kuwa alheri ne. Na ga yadda rabin sa'ar gwaji ke ƙarewa a latsa maɓallan jirgin sama da kukan tsuntsu a kan kibod mai ɗaruruwan muryoyi.

Maganar feda tana son a tsaya a kanta. Wadda ke zuwa cikin kwali, DP-2, 'yar ƙaramar maɓalli ce ta ƙafa, abu biyu ta sani: a kunne ko a kashe. Fedar dama ta fiyanon katako ba haka take ba. Ita tana ɗaga ƙyallayen da ke danne tsirkiyoyi ne gaba ɗaya, kuma tana ɗaga su gwargwadon yadda ka taka. In ka taka rabi, ƙyallen na shafar tsirkiya kaɗan, sautukan sama su mutu, na ƙasa masu kauri su ci gaba. Kiɗan Chopin da Debussy, manyan marubutan kiɗan fiyano, a kan wannan yake rayuwa. Ko kafin a kai can, ɗalibi na bukatar koyon zaman ƙafa: diddige a ƙasa, tafin ƙafa bai rabu da feda ba, a ɗaga daidai lokacin da sabon haɗin sauti ya sauka, a sake takawa nan take bayansa. Ba a koyon wannan a kan 'yar maɓalli mai faɗin tafin hannu. FP-30X kansa yana gane rabin taku, fedar ce ba ta aika masa. Don haka duk wanda zai saya, ya haɗa da DP-10 tun ranar farko. Siffarta irin ta fedar gaske ce, tana gane kowane mataki na taku, tana kuma da shimfiɗar roba da ake juyowa ƙarƙashin diddige don ta zauna wuri ɗaya. Wanda zai girke fiyanon a wuri guda, ya nemi mazauninsa na katako KSC-70 da jerin feda uku KPD-70, waɗanda tare suke aiki. Ta hagu mai tausasa sauti da ta tsakiya mai riƙe zaɓaɓɓun sautuka ba za a taɓa su ba sai an yi shekaru, amma ƙafa na sabawa da inda ta dama take.

Mazauni da kujera ma ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake su ake mantawa. Mazaunin ƙarfe mai siffar gicciye yakan yi rawa in an buga da ƙarfi, gwiwar dogon mutum kuma na karo da shi. Saman fararen madannai ya kasance santimita 70 da 'yan kai daga ƙasa, kujera kuma ta kai inda damtsen hannu daga gwiwa zuwa wuya zai miƙe daidai da madannai. Yaro a sa masa abin taka ƙafa, kada ƙafafunsa su yi ta lilo. Na fi ganin ciwon wuyan hannu daga gajeriyar kujera fiye da daga nauyin madanni.

Yana da Bluetooth iri biyu. Ɗaya na sauti, ka kunna darasi ko waƙa a waya ta fito ta sifikunsa ka bi ta. Ɗaya na MIDI, harshen da kayan kiɗan lantarki ke magana da juna tun 1983, wanda Kakehashi kansa na cikin waɗanda suka assasa shi tare da Dave Smith. Da shi manhajojin koyo ke gane madannin da ka danna. Ina da ra'ayi a kan waɗannan manhajoji: suna taimakawa wajen karatun takarda da sa yaro ya zauna, amma sun san ka danna daidai ne kawai, ba su ga wuyan hannunka ba, ba su ji ko jimlar ta yi numfashi ba. A yi amfani da su tsakanin darasi da darasi. Hedifon na Bluetooth kuwa ba ya aiki da shi, kuma ina ganin hakan ya fi, don jinkirin da ke tsakanin dannawa da ji na ɓata bugun lokaci. A baya akwai ramukan fitar da sauti zuwa manyan sifiku, abin da FP-30 ba shi da shi, da USB na haɗawa da kwamfuta. Ba ya aiki da batir.

Masu niyyar jarrabawa sukan tambaya ko ya isa. Hukumar ABRSM ta Ingila, wadda ke shirya jarrabawar kiɗa tun 1889 kuma take da matakai daga 1 zuwa 8, tana karɓar fiyanon lantarki in yana da sautin fiyano na sosai, da madannai cikakkun girma masu nauyi masu amsa bugu, da faɗi irin na fiyanon katako, da fedar riƙe sauti. FP-30X ya cika waɗannan.

Ba shi kaɗai ba ne a ajinsa, kuma na taɓa sauran. Yamaha P-225 na 2023 ya fi shi sauƙin ɗauka, madannansa sun fi sauƙi a yatsa, sautinsa mai haske ne, an ɗauko shi daga babban fiyanonsu CFX. ES120 na kamfanin Kawai madannansa masu saurin tasowa ne, sautinsa kuma yana da ɗumi da nake so ƙwarai. Ga ƙaramin yaro ko mai raunin yatsu, shi nake fara ambata. Casio PX-S1100 siriri ne, yana aiki da batir AA guda shida, ya dace da mai ƙaramin ɗaki ko mai yawan tafiya, sai dai gajartar madannansa na sa can cikinsu, kusa da jikin fiyanon, ya fi wuyar dannawa. A gidan Roland ɗin ma akwai ƙaninsa FP-10, madannansu iri ɗaya ne sak, an rage masa ƙarfin sifika da yawan sautukan da yake riƙewa zuwa 96, ba ya kuma karɓar jerin feda uku. Wanda da hedifon zai riƙa gwaji kullum, FP-10 da feda mai kyau sun ishe shi shekaru.

Akwai inda FP-30X ke tsayawa, kuma ɗalibin da ya yi nisa zai iske wurin. Fiyanon katako na da tsirkiyoyi kusan 230 a ɗaure a kan firam na ƙarfe, da faffaɗan allon katako da ke rawa tare da su. In ka taka feda ka buga sauti ɗaya, sauran tsirkiyoyin na amsawa, rawar na zuwa maka ta madanni da ta ƙafa, ɗakin ma na shiga ciki. Kwaikwayon da aka yi a nan yana da kyau, amma sifika biyu ba za su motsa iska haka ba. Sannan fiyanon lantarki yana da sauƙin hali: bugu mai kaushi ma yakan fito da shi a gyare, alhali fiyanon katako zai tona maka asiri nan take. A madadin haka, ba ya bukatar mai gyaran sauti sau ɗaya ko biyu a shekara, zafi da laima ba sa sauke masa murya, kuma ga mai koyo fiyanon lantarki mai daidaitaccen sauti ya fi tsohon na katako da ya saki, wanda ke lalata kunne a hankali. Ɗalibaina da ke gwaji a kan FP-30X suna tafiya lafiya har wajen mataki na 5 ko na 6. Daga nan nake neman su samu fiyanon katako ko da sau ɗaya a mako, na makaranta ko na wani ɗakin gwaji, su yi aikin feda da na launin sauti a can, su bar haddar yatsu da gwajin dare wa na gida.